Daga Injin Sulalla Zuwa Talabijin Ɗin Ɗaki: Abin da Wasan Harbi Yake Asara Idan An Juya Shi

A shekarar 1988 kamfanin Hudson Soft na ƙasar Jafan ya fitar da wasan R-Type a kan na'urar PC Engine ta wasan gida, sai dai wanda ya saya ya kai gida rabin wasan ya tarar a hannunsa. Asalin wasan, wanda kamfanin Irem ya ƙera a 1987 domin manyan injinan gidajen gem waɗanda ake jefa wa sulalla kafin su tashi, matakai takwas ne. Katin da Hudson ya fitar huɗu kawai ya ɗauka, kuma idan mutum ya gama na huɗun sai a rubuto masa kalmar sirri ya adana, har kati na biyu ya fito bayan 'yan watanni ya sake zaro kuɗi. Duk da haka, har yau masu sha'awar wasannin harbi suna lissafa wannan juyi, wato mayar da wasan injin sulalla zuwa na'urar gida, cikin mafi inganci da aka yi a wancan zamani, alhali akwai wasu da aka sayar a cike, babu matakin da aka yanke, amma ba a ambaton su sai da tsaki. Wannan ya isa ya nuna cewa ma'aunin da ake auna ingancin irin wannan aiki ya wuce ƙidayar matakai, ya kuma wuce kallon hoton da aka buga a bayan kwali.

Tushen matsalar kuɗi ne. Injin sulalla kayan sana'a ne, mai gidan gem yake saya da tsada domin ya riƙa tara yen 100 daga kowane mai wasa, saboda haka kamfanin da ya ƙera shi yana iya zuba masa ƙwaƙwalwa biyu ko uku da duk kayan lantarkin da wasa ɗaya tak yake buƙata, baɗi kuma ya sake ƙera sabo. Na'urar gida kuwa dole farashinta ya zauna inda uba zai iya saya wa ɗansa. Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda aka sani da NES a Amurka da Turai, ta fito a 1983 a kan yen 14,800, kuma haka ta zauna da kayan cikinta shekara da shekaru yayin da injinan gidajen gem suke ta yin gaba. Wanda aka ba aikin juya wasa a irin wannan hali ya san tun farko cewa ba zai kwaso komai ba. Aikinsa na gaskiya shi ne zaɓen abin da zai bari a baya, kuma a wannan zaɓe ne gwani yake rabuwa da ɗan koyo.

An fara ganin haka tun a Space Invaders. A injin da Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a 1978, maƙiya 55 ne suke saukowa, sahu biyar kowanne da goma sha ɗaya. Na'urar gida ta Atari 2600 kuwa ma'ajiyarta ta wucin gadi bayit 128 ce kacal, kuma manyan hotuna masu motsi guda biyu kawai ta san zanawa, sai dai tana iya maimaita kowanne sau uku a layi ɗaya. Biyu sau uku shida, shi ya sa a juyin da Rick Maurer ya yi a 1980 maƙiyan suka koma 36, shida a kowane sahu. Ba su yi kama da na asali sosai ba, amma fargabar tana nan, domin suna ƙara sauri yayin da suke raguwa, kuma an ƙara wa kaset ɗin salon wasa har 112. Jama'a sun riƙa sayen na'urar dungurungum domin wannan kaset ɗin kaɗai.

Abu na farko da ya fi wahalar da masu juyi, wanda kuma ba kasafai mai saye yake lura da shi ba, shi ne siffar allo. Da yawa daga wasannin harbi na Jafan a tsaye aka girka talabijin ɗinsu a cikin injin, tsawo ya fi faɗi, saboda jirgin mai wasa yana ƙasa maƙiya suna gangarowa daga sama. Talabijin ɗin ɗaki kuwa a kwance take. Xevious na kamfanin Namco, wanda Masanobu Endo ya tsara, yana da ɗigon hoto 288 daga sama zuwa ƙasa a injinsa na asali, amma da aka kai shi Famicom a 1984 ba a samu fiye da 240 ba, kuma gefen talabijin yana cinye wasu daga ciki. Idan aka ɗauka ɗigo sittin suka salwanta, maƙiyin da yake tafiyar ɗigo biyu a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya cikin sittin da allo yake nunawa a daƙiƙa, ya iso wa mai wasa rabin daƙiƙa kafin lokacin da aka tsara masa. A wasan da ake mutuwa da harsashi ɗaya, rabin daƙiƙa dukiya ce. Dole mai juyi ya rage wa maƙiya sauri, ko ya sake musu wurin fitowa, ko kuma ya bar wasan ya zama mugu ba da niyyar wanda ya ƙirƙire shi ba. Juyin Truxton na kamfanin Toaplan a kan na'urar Mega Drive ta Sega a 1989 ya bi wata hanya, inda aka yanke gefe ɗaya na allo aka mayar da shi wurin rubuta maki da yawan rayuka, domin filin yaƙin ya ɗan tsuke ya kusanci siffarsa ta asali. Darius na Taito kuwa matsalarsa ta ɗaya gefen ce, domin talabijin uku aka jera a cikin injinsa, aka yi dabarar madubi don kada a ga mahaɗarsu, kuma duk wanda ya matse wannan shimfiɗa cikin talabijin guda ya san sabon wasa yake ginawa, ko da sunan bai canja ba.

Matsala ta biyu tana cikin yadda waɗannan na'urori suke zana abubuwa masu motsi, wato jirgi da harsasai da maƙiya, waɗanda masu sana'ar suke kira sufurayit. Famicom tana iya riƙe 64 a lokaci guda, amma takwas kawai take iya nunawa a layi ɗaya na kwance, kowanne faɗinsa ɗigo takwas. Na tara idan ya shigo layin, ɓacewa yake yi. Masu shirya wasa sun koyi jujjuya wanda zai ɓace daga firam zuwa firam, abin da ya haifar da ƙiftawar nan da duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem na wancan zamani ya sani, inda abubuwa suke bayyana suna ɓacewa kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. A wasan tsalle-tsalle wannan aibi ne na ado kawai. A wasan harbi kuwa, harsashin da ido bai gani ba yana kisa daidai da wanda ya gani, kuma babu abin da ya fi sa mutum jifa da hannun gem kamar jirginsa ya tarwatse a fili fetal.

Wasannin da jirgi yake tafiya daga hagu zuwa dama su suka fi shan wannan wahala, saboda jirgin da harbinsa da maƙiyin da yake harbi duk a layi ɗaya suke jeruwa. A nan ne juyin Gradius na 1986 ya zama abin koyi. A injin da Konami ya fitar a 1985, jirgin yana iya tara ƙwallayen haske huɗu masu binsa a baya suna harbi tare da shi, kuma hasken lesa ɗinsa dogo ne yana ratsa allo. A Famicom an rage mataimakan zuwa biyu, an gajarta lesa ɗin ta zama gutsattsari, an kuma ƙanƙantar da wasu maƙiya. Wanda ya jera hotunan biyu zai ce an yi wa wasan sata, amma wanda ya riƙe shi a hannu zai ji nauyin jirgin da tsarin tara ƙarfi da tashin hankalin rasa komai bayan mutuwa ɗaya duk suna nan. A wurin wannan aiki ne Kazuhisa Hashimoto, ma'aikacin Konami, da ya ga wasan ya fi ƙarfinsa lokacin gwaji, ya saka wa kansa sirrin nan na sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, wanda yake cika jirgi da makamai, aka kuma fitar da kaset ɗin ba a cire shi ba. Daga baya Konami ya koma dasa ƙarin kayan lantarki a cikin kaset ɗin kansa, har Gradius II na Famicom a 1988 ya dawo da mataimaka huɗu a kan na'urar da ba ta canja ba tun 1983.

Domin kada a ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba, sai a dubi 1942 na kamfanin Capcom. Wannan wasa ne mai sauƙin zane idan aka kwatanta da Gradius, amma juyinsa na Famicom, wanda aka ba wani ƙaramin kamfani mai suna Micronics kwangilarsa, tafiyarsa a tsinke take kamar mota a kan hanya mai gargada, kuma kiɗansa ya koma wani tsiwa-tsiwa mai huda kunne. Da Capcom ya juya 1943 a 1988 sai ya ƙi bin asali sau da ƙafa, ya ƙara tsarin da mai wasa yake raba maki yana ƙarfafa jirginsa sannu a hankali, abin da ya dace da wanda zai zauna da kaset wata guda a ɗaki, ba wanda ake so ya mutu cikin minti uku ya sake jefa sulalla ba. Na'ura ɗaya ce, hannu ne ya bambanta. Abin lura a nan, da yawa daga cikinmu da suka fara ganin 1942 da Galaga a kan kwaikwayon Famicom da aka riƙa shigowa da su kasuwanninmu, da kaset mai iƙirarin ɗauke da wasa ɗari tara da casa'in da tara, ba su taɓa sanin akwai wani asali da ake auna su da shi ba. A wurinsu juyin shi ne wasan, har da gargadar.

Inda maganar ta fi sarƙewa, kuma inda nake ganin yawancin masu sharhi suke gaggawar yanke hukunci, shi ne batun nauyi, wato lokacin da abubuwa suka yi wa ƙwaƙwalwar na'ura yawa ta kasa gama lissafin firam ɗaya a kan kari, sai komai ya koma tafiyar hawainiya. Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988, tana da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai gudun kusan megahaz 7.6, irin wadda take cikin injinan sulalla da yawa na lokacin, ciki har da na Toaplan. Wannan dangantaka ta jini ce ta sa Truxton da Fire Shark da Hellfire suka zauna mata daram, ko da yake launukan da take iya nunawa a lokaci guda ba su wuce 64 ba, hotonta ya fi na asali duhu da kaushi. Super Famicom ta Nintendo kuwa tana nuna launi 256, sautinta kamar na ƙungiyar makaɗa, amma ƙwaƙwalwarta iyakarta megahaz 3.58, kuma a kaset ɗin farko-farko masu arha sauka take yi zuwa 2.68. Gradius III da ya fito mata a ƙarshen 1990 ya fi duk wani juyi na gabaninsa kyan gani, amma da zarar mutum ya tara mataimaka huɗu ya shiga matakin kumfa, inda manyan ƙwallaye suke fashewa su zama ƙanana, sai wasan ya koma kamar ana iyo a cikin kunu. Super R-Type na 1991 ma haka ya yi fama.

An shekara kusan talatin ana kiran wannan aibi, har a 2019 wani ɗan ƙasar Barazil mai suna Vitor Vilela ya sake wa wasan tsari ta yadda zai yi amfani da SA-1, wata ƙarin ƙwaƙwalwa da Nintendo ya riƙa sakawa a wasu kaset na baya-baya. Nauyin ya tafi gaba ɗaya, sai ga wani abu da ya fito fili: wasan ya ƙara tsanani ƙwarai. Ashe wuraren da harsasai suka fi cika allo su ne wuraren da na'urar take ja da baya, tana ba ɗan Adam lokacin da zai ga ƙofar da zai bi. Ma'aikatan Konami a kan na'ura mai nauyi suka gwada wasansu, a kanta suka daidaita wahalarsa, saboda haka nauyin ya riga ya shiga cikin ginin ko sun so ko ba su so ba. Injinan sulalla su ma suna yin wannan nauyi, har Jafanawa suna da sunan da suke kiransa, shori-ochi, kuma wasu juye-juyen da aka yi a kan na'urori masu ƙarfi daga baya sai da aka sa musu zaɓi na musamman da yake dawo da nauyin da gangan. A ganina, tambayar da ta dace a yi wa juyi ita ce ko yana yin nauyi a inda asali yake yi, kuma gwargwadon yadda yake yi. Wanda ya yi nauyi a wurin da asali yake gudu ya ɓata wasa, wanda kuma ya yi gudu a wurin da asali yake nauyi shi ma ya ɓata, sai dai ɓarnar tasa ba ta fitowa a hoto, har ma yabonsa ake yi.

Akwai kuma wata asara da ba ta da alaƙa da gwanintar kowa. A wancan zamani talabijin ɗin Jafan da Amurka tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ta Turai mai tsarin PAL, wanda Najeriya ma take bi, sau 50. Yawancin kamfanoni ba su damu da gyara wannan ba, suka tura wasanninsu Turai yadda suke, sai suka riƙa tafiya da ragin kusan kashi 17 cikin 100 na saurinsu, hoton ya ɗan daɓe, ga baƙin layi sama da ƙasa, wani lokaci har kiɗan yana ja. Duk wanda ya ƙware a kan Mega Drive 'yar Turai, ranar da ya fara taɓa 'yar Jafan zai rantse an yi wa wasan wani abu.

Tazarar ba ta rufe ba sai da kamfanoni suka daina ƙera na'ura biyu. Kamfanin SNK ya yi haka a 1990 da Neo Geo, wadda kayan cikinta ɗaya ne da na injin sulallarsa, amma kuɗinta a Amurka ya kai dala 650, kaset ɗaya kuma dala 200 zuwa sama, saboda haka maganin ya tsaya a gidajen masu hali. Sega ya biyo ta ɗaya ɓangaren, ya ɗauki kayan cikin Saturn, na'urarsa ta gida, ya gina injin sulalla mai suna ST-V, shi ya sa Radiant Silvergun na kamfanin Treasure a 1998 ya shiga gida ba tare da ya zubar da komai ba, har da ƙari. Haka aka maimaita tsakanin na'urarsa ta Dreamcast da injin sulalla na NAOMI, inda Ikaruga ya fito a gidajen gem a 2001 ya shiga gida a 2002. Siffar allo ma an samo mata magani irin na ƙarfi da yaji. The Raiden Project na PlayStation a 1995 ya ba mai wasa zaɓin juya hoton gefe, shi kuma ya tashi ya kwantar da talabijin ɗinsa a kan haƙarƙarinta, abin da Jafanawa suke kira tate, wato a tsaye. Wanda ya taɓa yi ya san aikin: mutum biyu su ciccibi tsohuwar talabijin mai ƙeya, a tokare ta da matashin kai da littattafai don kada ta kifa, a kunna a ga kusurwoyinta sun rine da shunayya da kore saboda maganaɗisun ƙasa ya sauya mata alƙibla, a kashe a jira ta huce, a sake kunnawa ta yi wannan ƙarar gurnani ta wanke launinta. Sai a lokacin filin yaƙin yake miƙewa cikakke, maƙiya suna fitowa daga nesa kamar yadda aka tsara.

Ko a wannan zamani da na'urorin gida suka kusan kamo na gidajen gem, ba duk juyi ne ya tsira ba. DoDonPachi na kamfanin CAVE, wanda ya fito a 1997 ya cika allo da ɗaruruwan harsasai, ya shiga Saturn da PlayStation, kuma masu neman maki har yau ba su ɗauki ko ɗaya a matsayin madadin asali ba, saboda salon da mutum ya haddace a gida ba lallai ya yi masa aiki a gaban injin ba idan nauyin bai faɗo a wuri ɗaya ba. Su waɗannan mutane firam suke ƙidayawa, kuma firam ɗaya kashi ɗaya ne cikin sittin na daƙiƙa.

Yau ƙaramar waya ta fi duk waɗannan injina ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunan tsofaffin wasanni kwaikwayon ainihin injin ne ta hanyar manhaja, ba sabon gini ba. Ƙiftawa da yanke matakai sun zama tarihi, sai wani sabon ciwo ya maye gurbinsu, wato jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jirgi. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana zana hoto nan take yadda ya iso mata, ta zamani mai faɗi kuwa sai ta tsaya ta gyaggyara shi, manhajar kwaikwayo ta ƙara nata, hannun gem mara waya ya ƙara nasa, har a tara firam huɗu ko biyar. Hoton ya yi daidai da asali ɗigo da ɗigo, amma jirgin yana jin kamar an ɗaure masa dutse, kuma mai wasa yakan zargi tsufansa alhali laifin na kayan ne.

Kamfanin M2 na Jafan ya yi suna ne a kan ɗaukar waɗannan ƙananan abubuwa da muhimmanci. A 2016 ya juya Battle Garegga, wasan kamfanin Raizing na 1996 wanda Shinobu Yagawa ya tsara, zuwa PlayStation 4. Wannan wasa yana da wani ɓoyayyen ma'auni da yake hawa duk lokacin da mai wasa ya yi harbi ko ya ɗauki makami, maƙiya su ƙara zafi, kuma hanyar sauko da shi ita ce mutuwa, har gwanaye sukan kashe jirginsu da gangan domin su iya kai wa ƙarshe. Shekara ashirin masu wasa suna ƙiyasta wannan ma'auni da ka. Da M2 ya zo ga filin nan na hagu da dama da wasa mai tsayuwa yake bari fayau a kan talabijin mai kwanciya, filin da aka cika da maki da rayuka a Truxton na Mega Drive, sai ya zana ma'aunin a ciki, yana hawa yana sauka a gaban idon mai wasa yayin da yake harbi.